Matakala Goma Sha Huɗu

Ran Talata aka kawo ta a bayan a-kori-kura,
doguwar karya, siririya kamar zanen alƙalami,
haƙarƙarinta a fili, daga nesa ma ka ƙirga.
Madam Petrakis ta miƙo mini igiya, ta ce,
"Farrugia, sati takwas gare ka.
Ka koya mata zaman gida."

Na yi dariya har gandiroba ya waiwayo.
Ni da rabona da gida shekara tara,
ni ne malamin wannan darasi?

Shekara huɗu ta yi tana tsere a filayen Melbon,
tana bin zomon roba da ba a taɓa kamawa ba,
mutane na zuba albashinsu a kan ƙafafunta.
Da ƙafa ta gaza, aka rufe littafinta.
Na ɗaga kunnenta: lamba ce da shuɗin tawada.
Tawa tana bisa aljihun riga.
Ban ce uffan ba. Ita ma haka.
Na sa mata suna Toka, don launinta.

Ba ta san madubi ba.
Ƙofar gilashi sau biyu tana fasa mata hanci.
Ka jefa ƙwallo, sai ta dube ka
kamar ta ce, kai ka yar da abinka, kai ta shafa.
In an buɗe keji, sai ta tsaya a bakin ƙofa
tana jiran ƙararrawa.
Wannan kam na gane shi.
Ni ma ko ƙofa a buɗe take,
tsayawa nake, hannu a baya, sai an ce wuce.

Matakala ce ta ba mu kashi.
Goma sha huɗu, na siminti, bayan ɗakin wanki.
Ta kafe a ta farko, jiki na ɓari,
kwana shida ko gezau.
Ran na bakwai, ga sanyin Yuli na cin yatsu,
zuciya ta ɗebe ni, na fizgi igiya
da hannun nan da ya kawo ni nan.

Ba ta yi haushi ba. Da ma ta yi.
Ta dai kwantar da kunne, ta saki fitsari,
ta yi mini kallon da na sani,
wanda na baro a wani kicin a Futuskire,
a fuskar yarinya 'yar shekara shida
da ke riƙe da ƙafar tebur.

Na zauna a kan simintin.
Na daɗe.
Har wutar ta ci itacenta ta mutu don kanta,
abin da likitan ƙwaƙwalwa ya yi shekara uku yana faɗa mini
yana shiga ta nan yana fita ta can.
Sai na ji hanci mai sanyi a tafin hannuna,
wannan hannun dai, ba ɗayan ba.

Daga ranar, ƙafa ɗaya-ɗaya muka bi.
In ɗaga ta gaba in ajiye, in ɗaga ta baya,
da guntun cuku da na ɓoye daga karin kumallo.
Ran da ta kai ta goma sha huɗu,
tsoho Dunleavy, mai ɗaurin rai da rai,
ya cire hula, ya juya baya yana tarin ƙarya.

Wata nas daga Jilon ce ta ɗauke ta.
Toka ta haye mota ba ta waiwayo ba.
An ce alamar aiki ya yi kyau ke nan.
To.

Gashinta na nan a hannun rigata, ban kakkaɓe ba.
Wasiƙar 'yata kuma, wata biyar a ƙarƙashin matashi,
jiya na ciro ta, na nemi biro.
Layi ɗaya na iya rubutawa.
Na ajiye. Gobe in ɗaga ɗaya ƙafar.

Talata mai zuwa za a kawo wani,
baƙi, an ce yana tsoron maza.